Shekarar da Aka Kashe Lasifika a Cocin Yaya Iliya

Tun da na dawo daga Duwala ban huta da tambaya ba. A coci a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, shekaranjiya har mai niƙa ya kashe injinsa don ya ji ko da gaske ne mutanen can ganye suke ci safe da yamma. Kowa na ba shi guntun amsa in wuce. Matan zumunta kuwa sun ce ba su yarda da guntu ba, tunda da addu'arsu na tafi. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya. Wanda yake jiran labarin daɗi ya yi haƙuri, ban zo da shi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Iliya shi nake bi. Ya bar ƙauyenmu na wajen Kafur ina budurwa, ya tafi Kamaru da keken ɗinki da molonsa, ya yi aure a can, sau uku kacal ya zo gida. Manya sun san yadda yake kaɗa molo a cocinmu yana saurayi. Duk Lahadi da yamma yakan kira Inna a wayata, in sun gama ya ce a ba ni, ya fara ƙorafin da ya saba. Cocinsu na 'yan Arewa ne, mutanen arewacin Kamaru da Cadi da 'yan Najeriya kaɗan, amma tun da aka sayo kibod da jita ta lantarki da lasifika huɗu aka ajiye molonsa gefe.

"Rifkatu, a nan ba a jin abin da ake gaya wa Allah," in ji shi. "Ƙara kawai. Tsofaffi sun daina buɗe baki."

Shekara da shekaru yana roƙon dattawan ikilisiya ko Lahadi ɗaya su ba shi, ba su ba shi ba. Sai a watan Oktoba ya kira yana dariya kamar yaro. An kawo musu sabon fasto, ya yarda cewa daga Lahadin farko na Disamba har ranar Kirsimeti ba za a kunna komai ba, murya ce kawai da molo da ganga. Ya ce in zo da tuluna in kaɗa musu yadda muke yi a zumunta. Na yi dariya na ce wa zai kai tulu Duwala.

A Nuwamba wayarsa ta daina shigowa. Mun yi ta kira ba a ɗauka. Sai Alhaji Sani, maƙwabcinmu da ke kai takalma Duwala ya saro atamfa, ya dawo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya gaishe da Inna, ya ce jiki ne ya ɗan taɓa Iliya, amma da sauƙi. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce mini, "Ki bi Alhaji idan zai koma. Ki zo mini da shi." Da nake haɗa kaya ta ce in ɗauki tulun, tunda ya roƙa.

Mun tashi saura kwana goma sha biyu Kirsimeti. Daga Kano zuwa Yola ba abin faɗi, sai ciwon baya da tulun da na rungume a cinya kamar jariri, na naɗe shi da zane biyu. A Yola muka kwana gidan wani abokin cinikin Alhaji, washegari muka shiga wata ƙaramar mota da aka cusa mu bakwai zuwa bakin iyaka.

A iyaka ne na fara jin na bar gida. Jandarman Kamaru ya karɓi katin shaidata da katin rigakafi, ya juya su, ya yi magana da Faransanci, ni kuwa ina ta kallon bakinsa. Sai ya nuna ƙullin da ke hannuna. Alhaji ya ce masa abin kiɗa ne. Bai yarda ba. Ya sa na kwance, ya leƙa ciki, ya shinshina, ya zura hannu har gwiwar hannu. Daga nan ya ce in da gaske ne in kaɗa ya ji. Haka na durƙusa a gaban shingen, rana tsaka, masu babura sun kewaye ni, na ciro soson da nake kaɗa shi da shi na buga bakin tulu. Jandarma ya gyaɗa kai, ya kira abokinsa, suka sa na sake. Alhaji ya juya baya yana dariya a cikin babbar riga. Suka miƙo mini takarduna muka wuce.

Tulun bai kai Duwala ba. A tashar Garwa masu lodi suka ce ba za a shiga da shi cikin mota ba, sai a sama. Na roƙa, Alhaji ya roƙa da Fillancinsa, suka ce za su kula. Da muka sauka a Ngaundare aka miƙo mini zanen yana ƙara kamar tsakuwa. Buhun albasa aka ɗora a kansa. Na zauna a gefen tasha na kwance zanen, ko wuyan bai tsira ba. Na yi kuka fiye da yadda tulu ya cancanta, har Alhaji ya je ya sayo mini shayi. Daga baya na gane tun a lokacin zuciyata ba ta yarda da "da sauƙin" da ya faɗa ba.

Daga Ngaundare jirgin ƙasa ne, ya kwana yana tafiya. Kusa da ni wata Bafulatana ce mai kai zuma Yawunde, tana jin Hausa sosai. Da gari ya waye na leƙa taga na ga daji ya rufe ko'ina, ba gona, ba fili, ba inda ido zai huta. A wata tasha mata suka taso da kaya a ka suna miƙowa ta taga, ta saya mini wani abu dogo a naɗe da ganye an ɗaure shi da zare. Na buɗe, tsami ya buge ni, na ce mata ya lalace. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce rogo ne, bobolo ake ce masa, haka warinsa yake, kuma in saba domin inda za ni shi ne tuwo. Na ci rabi don kunya. Ta tambaye ni abin da zai kai ni, na gaya mata. Ta ce, "Wane irin ciwo?" Na ce ban sani ba. Ta kalli Alhaji da ke can gefe yana jan carbi.

Daga Yawunde muka hau bas. Mun shiga Duwala ta wata unguwa da ake kira Village, ko da yake ban ga abin da ya haɗa ta da ƙauye ba. A Ndokoti muka tsaya cik fiye da awa. Ban taɓa ganin babura haka ba, ko a Kano lokacin da ake acaɓa. Su bensikin suke ce musu. Zafin garin kuma daban yake da namu. Namu yana ƙona mutum ya bushe, nasu jiƙa mutum yake, gumi ya fito ya zauna, ko wanka ka yi ba ka san ka yi ba.

Alhaji ya sauke ni a New Bell, unguwar Hausawa, gidan wata gwaggon maigidansa, Hajiya Balaraba, domin ya ce gidan Yaya ba wurin kwana. Lungunan ƙanana ne, kwata na bin gefe, amma ga masu tsire, ga masu shayi, ga kiran salla, sai ka rantse Fagge kake in ba don Faransancin da ke tashi ba. Hajiya a nan aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Kano, ita ko Garwa sau ɗaya ta je. Hausarta tsaf, sai dai kowace jimla da ɗan Faransanci a wutsiya. Ta ba ni ruwa, ta kawo shinkafa da miyar wani ganye mai ɗaci da gyaɗa, ndole, wanda na ƙi a ranar farko na dawo ina nema a rana ta uku. Da aka kira la'asar ta shimfiɗa mini darduma ta ɗauko buta.

Na ce, "Hajiya, ni Kirista ce."

Ta tsaya da butar a hannu. "Ba Bahaushiya ba ce ke?"

"Bahaushiya ce, Hajiya, har kakannin kakanni."

"Ikon Allah. Sani bai gaya mini ba." Ta naɗe dardumar a hankali. "To wurin wa kika zo, *ma fille*?" Wato 'yata.

Na ce wurin Iliya tela. Fuskarta ta canza. Ta ce shi ya ɗinka kayan auren 'ya'yanta uku, mutum ne da ba ya saɓa rana. Sai ta ce, "Ki ci abincin tukuna kafin ki je. Ki ci da yawa."

Gidan Yaya a ƙarshen unguwar yake, ɗaki biyu na katako, sai an tsallaka kwata a kan wani faifan ƙarfe. Matarsa Mari ta tarye ni a ƙofa. 'Yar arewacin Kamaru ce, sau ɗaya na taɓa ganinta, Hausarta ta kasuwa ce. Ta rungume ni ta ce, "Tanti, kin zo," sai ta fashe da kuka. Tanti shi ne anti a bakinsu.

Yana zaune a kujerar roba an tokare shi da matashi. Ya rame, gefen bakinsa na dama ya zube, hannun dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Keken ɗinki na gefe an rufe shi da zane, molo na rataye a ƙusa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce. Sannu da jiki." Ya gane ni, wannan ba shakka, domin idonsa ya cika. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, wuyansa ya kumbura, sannan ya ce, "*Voilà*."

Na juya wurin Mari. Ta ce tun ranar da ya faɗi a shago, kwana tara kafin Lahadin farko na Disamba, kalmar da ta rage masa ke nan. Ruwa yake so, ita ce. Ciwo yake ji, ita ce. Na tambayi ma'anarta, ta ce kamar a ce "ga shi nan". Mutumin da ya koya mini karatu da Hausa, wanda in ya fara labari sai an roƙe shi ya yi shiru, an bar masa kalma ɗaya, ita ma ba tamu ba.

Kwana biyu ina bin maganar tafiya da shi. Muka kai shi asibitin da ake duba shi, likita ta ce, Mari na fassara mini, kwana huɗu a mota da jirgin ƙasa daidai yake da kashe shi. Na ce jirgin sama fa. Ashe fasfonsa ya mutu tun tuni, sabuntawa kuma sai ya je da kansa an ɗauki hoto da yatsa, a jira wata da watanni. A hanyar dawowa Mari ta tsayar da ni a bakin wani shago.

"Tanti, ko takarda ta fito, ba zan ba ki shi ba. Ni nake wanke shi. Ni na san in ya ce kalmar nan me yake nufi. A can wa ya sani? Yaransa suna nan."

Na so in ce mata uwarsa ma tana can. Na duba hannunta da sabulu ya cinye, na fasa, muka ci gaba da tafiya.

Ranar Alhamis faston ya zo duba shi. Matashi ne, ɗan wajen Marwa, ya iya Hausa. Ya ce mini bai janye alkawarin da ya yi wa Baba Iliya ba, Lahadi uku ke nan ba a kunna komai ba. Sai dai ba mai kaɗa molo, domin duk shekarun nan ba wanda ya zo ya koya. Ganga ɗaya ce da tafi. Lahadin farko coci ya cika don son gani, na biyu ya ragu, na uku benci huɗu na baya ba kowa. Matasa sun ce kamar gidan makoki, sun koma cocin da ke tsallaken titi inda ake da cikakken kayan kiɗa.

"Baba ya gaya mini ke kike riƙe da tulu a zumuntarku," in ji shi. "Ki taimake mu ranar Kirsimeti."

Na ce tulun ya fashe a hanya. Yaya ya ɗago hannun hagu ya nuna ni, ya nuna ƙofa, ya sake nuna ni. Mari ta ce, "Cewa yake ki nemo."

Hajiya ce ta raka ni nema. Mun zaga kasuwar unguwa, roba ce da alminiyam ko'ina. Wani ya ce sai kasuwar Grand Hangar, can Bonaberi, hayin kogi. Muka hau bensikin biyu, Hajiya da girmanta ta zauna a karkace tana yi wa direba faɗa da Faransanci, ni kuwa na rufe ido har sai da muka hau gada. Wanda ya tambaye ni teku, abin da na gani ke nan: ruwa mai faɗi launin ƙasa da jiragen ruwa can nesa, na minti biyu. A Grand Hangar muka sami tukwanen ƙasa wurin wata mai maganin gargajiya, amma masu faɗin baki ne, in ka buga sai su ce fat kamar an mari katifa. Muka dawo hannu wofi, ƙafafuna sun kumbura. Da muka shiga gida Hajiya ta wuce ɗakinta, na ji tana jan kaya, ta fito da wani tsohon tulu baƙi mai siririn wuya. Na mahaifiyarta ne, da shi take sanyaya ruwa kafin zuwan firji.

Na ce, "Hajiya, coci fa zan kai shi."

"Na sani. Iliya za a yi wa. In ya fashe ya fashe."

Na yanko soso daga wata tsohuwar katifa na gwada. Muryarsa ta fi ta nawa zurfi.

Kirsimetin can ba irin namu ba ne. Mu da safe muke farawa, a yi anko, a fito sujada, a dawo a raba shinkafa da nama gida gida har maƙwabta Musulmi, mata su zaga gari da waƙa. Su tun jajibere suke cinye bikinsu a mashaya da gidajen rawa, ranar kanta gari ya tashi a gajiye, kwalabe a bakin kwata. Da safe maza huɗu na ikilisiya suka zo suka ɗauki Yaya a kujerarsa, an sa masa farar riga da hula, suka bi lungu da shi suna tsallaka kwata, mutane na leƙowa. Mari ta ɗauko molon ta ce a ɗora masa a cinya ko ba zai kaɗa ba. Ni ina biye da tulu a ka.

Cocin rumfar kwano ce a bayan wani shagon faci. A gaba an jera lasifikan an lulluɓe su da farin ƙyalle. Mutane ba su kai rabin benci ba, yawanci tsofaffi da mata masu goyo. An yi addu'a da Faransanci, an yi karatu da Fillanci, ban ji ko ɗaya ba, na dai san labarin. Sai fasto ya ɗaga mini hannu.

Na fara a hankali, mai ganga ya biyo ni, matan suka ɗauka. Ban san waƙar ba, amma tulu ba ya bukatar yare. A nan ne na ji abin da Yaya ya yi shekaru yana faɗa a waya. Ana jin kowa. Akwai wata tsohuwa a benci na biyu mai rawar murya, tana jan ƙarshen kowane layi ita kaɗai bayan kowa ya sauka. Ana jin wani dattijo yana bi daga ƙasa, ana jin tafin ƙafa a siminti, har jaririn da ke tsotso ana ji. Wata mata ta rufe ido hawaye na zuba, ba ta share ba. Mun yi waƙa uku haka.

Daga nan fasto ya yi magana ya nuna Yaya, ya maimaita mini da Hausa. Akwai waƙar Kirsimeti da Baba Iliya ya tsara da kansa tun zuwansa, da Hausa, a kan makiyayan da aka aiko wa labari suna tsaron tumaki. Tsofaffin sun haddace ta ko da yake yawancinsu ba su san me take cewa ba. An daina yin ta tun zuwan kibod domin ba ta shiga da shi. Ita za a yi yanzu.

Tsohuwar nan ta benci na biyu ta ɗauko ta, kalmomin a karkace a bakinta. Na sami bugun na shiga. Ina kusa da kujerar Yaya, sai na ji wata murya a gefena, a shaƙe, amma kalmomin tsaf. Na juya. Shi ne. Bakin nan da ya zube yana fitar da Hausa, Hausar gidanmu, kalma bayan kalma, yatsun hagunsa suna danna wuyan molo inda ya kamata, na dama na kwance. Ya yi layi na farko duka, ya shiga na biyu. Mari ta toshe bakinta da hannu. Ni ban san yadda hannuna ya ci gaba da bugu ba.

Sai aka tayar da janareta a tsallaken titi. Cocin can suka fara tasu sujadar, lasifikansu a waje suke, suna fuskantar mu. Kwanon rumfarmu ya ɗauki rawa. Wani ya gwada makirfo sau uku, sannan kibod da ganguna suka faɗo a kanmu gaba ɗaya. Ba mugunta suka yi ba, lokacinsu ne ya yi, kuma rabin masu rawa a can 'ya'yan mutanen da ke zaune tare da mu ne. Ina ganin bakin Yaya yana motsi, ba na jin komai. Na ƙara ƙarfin bugu don in riƙe matan, na buga har tafin hannuna ya yi zafi, amma bugun can ya fi nawa, ya ja su, waƙar ta rabu biyu, wasu suka yi gaba wasu suka tsaya. Tsohuwar ta yi ta ƙoƙari ita kaɗai, ita ma ta bari. Lokacin da na can suka tsagaita don yin addu'a, Yaya ya riga ya rufe baki, kansa a sunkuye. Fasto ya yi wa'azinsa da ihu, ba wanda ya ji.

Da muka koma gida na jawo tulun kusa da shi, na rufe ƙofa da taga, na fara masa waƙar daga farko yadda na kama ta. Na yi sau biyar. Mari ta taya ni. Ya kalle mu, ya motsa leɓe, ba abin da ya fito sai kalmar nan tasa. Na sake gwadawa washegari, da kashegarinta, safe da yamma. Likita ta ce yakan faru, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a kai ba, wataƙila ya sake, wataƙila a'a. Har na baro garin bai sake ba. Layi ɗaya da rabi, shi ne Hausar da na ji daga bakin ɗan'uwana a tafiyar nan duka.

Kwana biyu bayan Kirsimeti dattawa suka zauna. Fasto ya zo da kansa ya faɗa wa Yaya, ban raina masa wannan ba. Ya zauna a kan tabarma ƙasa da kujerar Yaya, ya cire hula.

"Baba, za a mayar da kayan kiɗan ranar sabuwar shekara. Na yi iyakar ƙoƙarina. In matasa suka tafi gaba ɗaya, nan da shekara goma ba wanda zai buɗe ƙofar."

Na ce, "Ko Lahadi ɗaya a wata, Fasto?"

"Wa zai kaɗa, Mama? Ke za ki tafi."

Yaya ya gyaɗa kai sau biyu, ya nuna wa Mari gado. Aka kwantar da shi ya juya fuska bango. Ran nan bai ci abinci ba.

Alhaji ya gama sarinsa, ranar tafiya ta zo. Na mayar wa Hajiya tulunta lafiya, ta ce in tafi da shi, na ce hanyar da ta fasa ɗaya za ta fasa biyu. Ta cika mini leda da soyayyen nama da ƙuli, ta ce duk Juma'a za ta aika wa Iliya kunu, kuma na san za ta yi. Da hantsi na je sallama. Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, zan koma. Me zan gaya wa Inna?"

Ya kama bakin zanena da hannun hagu, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya yi ta fama, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto masa. Na jira. Na ce a raina ko "Inna" kawai ya ce ya ishe ni in kai. Mun fi minti biyar a haka. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa, sai ya saki zanen ya rufe idonsa da hannun.

Hanyar dawowa ban riƙe komai a cikinta ba. Na san mun hau jirgi, mun sauka, mun tsallaka iyaka, wani jandarma daban ne, bai tambaye ni komai ba. Alhaji ya nemi gafarata a Yola saboda "da sauƙin" da ya faɗa. Ya ce ya kalli fuskar Inna ne ya kasa. Na ce na gane, domin ni ma abin da nake ta juyawa ke nan tun daga Duwala.

Na iso gida da la'asar. Tun daga zaure na ga an fitar da buhunan dawa daga ɗakin Yaya na da, an jera su a rumfa. An yi wa ɗakin sabon daɓe, an shafe bango, an sa sabuwar tabarma da labule. Inna na zaune a ƙofarsa. Ta kalle ni, ta kalli bayana, ta daɗe tana kallon zauren.

Na gaishe ta, na zauna, na ce likita ta hana shi tafiya yanzu, sai ya ƙara ƙarfi. Na ce matarsa tana kula da shi sosai. Na ce an yi waƙarsa a coci ranar Kirsimeti, shi ma ya yi. Duk wannan gaskiya ne.

"Me ya ce a gaya mini?"

"Ya ce yana gaishe ki."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta san ɗanta, ta san bai taɓa aiko da saƙon da ya gaza rabin awa ba. Ta shafa sabon daɓen da tafin hannunta, ta kakkaɓe, sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Gobe ki nemo masu ɗauka," in ji ta, "a mayar da dawar ciki kafin kaji su ɓata ta."